Mai Farar Taguwa

Ni ne na yi kuskure, ba Kawu ba. Gara in faɗi haka tun daga farko, domin na daɗe ina ba da labarin nan ta hanyar da ke rage mini laifi, wani lokaci in ce rashin fahimta ce, wani lokaci in ce aikin ne sabo. Gaskiyar ita ce na kira yayan mahaifiyata ɓarawo a ƙofar masallaci, ranar Juma'a, a gaban dukan mazan garinmu, kuma bai ɗauki komai ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Dinder, tafiyar awa guda a mota daga babban garin idan hanya ta bushe. Bayan gari akwai wata fadama mai faɗi da muke kira maya, kamar yadda Larabawan wurin suke kiranta. Ba itace ko ɗaya a cikinta, sai ciyawa. Da damina takan cika da ruwa har gwiwa, wani wuri har ƙugu, kuma a nan gauraki suke tara ciyawa su yi sheƙa a kan ruwa. Muna yara kukansu ne ke tashe mu da safe. Da na kai shekara arba'in sai mutum ya kasa kunne kafin ya ji biyu suna amsa wa juna.

Wata shekara, kafin hanyoyi su lalace da tashin hankali, wata ƙaramar ƙungiya daga Sinnar ta aiko mana da wata malama, muna ce mata Ustaza. Ta zauna da mai gari da dattawa a rumfar kasuwa, ta ce gauraka na ƙarewa a ƙasar baki ɗaya, kuma mayarmu na cikin wuraren da suka rage. Aka kafa lajna, wato kwamiti, na mutum tara. Ni aka ba takardun, domin na yi aji shida kuma ina rubuta Larabci ba laifi. Takardar da ake cikawa sunanta istimara. Kowace sheƙa da layinta: ina take, ƙwai nawa, yaushe aka gani, yaushe aka ƙyanƙyashe.

Daga ranar na zama abin dariya, aka laƙaba mini mudir, wato babban darakta. In na wuce wurin mai shayi sai a ce, "Ku ba mudir hanya, mudirin tsuntsaye ya fito." Mutum takwas ɗin da ke lajna tare da ni ba sa zuwa taro sai in an ce Ustaza na tafe da sukari. Mai gonar dawa a bakin maya ya ce mini shi in gwamnati na son tsuntsu, ta zo ta kwashe jan-baki da ke cinye masa zangarniya, ta bar maganar gauraka. Na yi masa bayani har muryata ta dushe, ya ce to, ya ji, ya ci gaba da sassabe yana ƙara shiga cikin fadamar. Ina dawowa gida da haushi kullum, kuma haushin nan ya sa na ƙudura sai na nuna musu aikin ba wasa ba ne.

Mutum ɗaya ne a garin ya san gauraka da gaske, shi ne Kawu. A ƙuruciyarsa sana'arsa ke nan, kama 'ya'yan gauraka yana kai wa masu manyan gidaje a Sinnar da Madani su yi ado da su a tsakar gida. Ya bari tun ina saurayi, bai gaya wa kowa dalili ba. Amma bai bar maya ba. Kowace safiya ta damina yakan hau wani suri a bakin ruwa da sandarsa, ya zauna har rana ta ɗaga. Ustaza ta tambaya ko za a sa shi a lajna. Ni na ce a'a. Na ce tsohon mai kama tsuntsu ne, mutane za su yi magana. Abin da ban faɗa ba shi ne in yana ciki ba wanda zai tambaye ni komai.

Ustaza ta ba ni waya mai nuna wurin da mutum yake tsaye, ta koya mini sau biyu. Da ta tafi na kasa. Na ji kunyar kiranta in ce na kasa, sai na ƙirƙiro tawa dabarar. Na sa direban da ke zuwa Rusairis ya kawo mini dogayen gora. Kowace na ɗaure mata guntun itace a gicciye kusa da sama, na rataya lamba da na yanka daga gwangwanin mai. In na ga sheƙa in kafa gora kusa da ita, daga bakin ruwa ma ina hango lambar. Ba wanda ya sa ni. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Ƙarshen rani ne, ina zaune a ƙofar gida ina ɗaure-ɗauren nan, Kawu ya zo wucewa. Ya tsaya ya dogara da sanda.

"Mudir, rumfa za ka yi?"

"Alama ce, Kawu. Ta sheƙa."

"Cikin maya za ka kafa waɗanga?"

"Kusa da kowace sheƙa."

Ya ɗauki ɗaya, ya girgiza guntun itacen da ke gicciye, ya ga ya ɗauru sosai. "Ka kyauta ma mai farar taguwa," ya ce. "Shekara da shekaru yana neman wurin zama cikin mayar nan bai samu ba. Kada ka kafa su, ɗan ƙanwata."

Kawu Hausar kakanninmu yake yi, wadda suka taho da ita daga yamma. Ni tawa rabi Larabci ce, kamar ta yawancin sa'o'ina. Taguwa a sanina raƙuma ce, mace. Kuma a lokacin akwai wani Balarabe makiyayi da ya sauka da raƙumansa a gefen maya, cikinsu har da wata fara tas da kowa ke magana a kanta. Sai na ɗauka Kawu na nufin makiyayin zai bi alamun ya kwashe ƙwai. Ban tambaye shi ba. Da na ce, "Wa kake nufi?" da labarin nan ya ƙare a nan. Amma mudir ba ya tambaya.

Washegari na tafi wurin makiyayin da takarduna a hammata. Ya ba ni nonon raƙumi, ya saurare ni cikin ladabi, ya ce shi da ruwan farko zai yi arewa, raƙumi ba ya zama da laka da ƙuda. Haka kuwa aka yi. Da ya tashi na je na sami Kawu a kan surinsa.

"Mai farar taguwar taka ya yi arewa," na ce.

Ya juyo ya dube ni. "Yaushe ya fara ƙaura?"

"Jiya. Da idona na gani."

"To, Allah shi kai shi lafiya," ya ce, ya mai da idonsa kan ruwa. Na ɗauka ya ji kunya ne.

Ruwa ya sauka sosai a shekarar. Na shiga maya na nemo sheƙa bakwai, na kafa gora bakwai. Aikin da wuya. Laka na cire wa mutum takalmi, matsattsaku na manne wa a ƙafa, ga sauro ko da rana. Duk bayan kwana biyu nakan zaga su duka, domin istimara na son a rubuta adadin ƙwai. In na doso, uwar takan sauka daga sheƙa ta sunkuyar da kai ta sulale cikin ciyawa. Ni kuma in leƙa, in ƙirga, in rubuta, in wuce ta gaba. Ban taɓa waiwayawa ba.

Mako na biyu, sheƙa ta uku ta zama wayam. Bayan kwana huɗu, ta shida. Na ga ɓawon ƙwai yana yawo a kan ruwa da huji a gefe. Na gani, ban rubuta ba, domin babu gurbin ɓawo a istimara, kuma zuciyata ta riga ta tafi neman mutum. Na kira Ustaza, sai da na hau tudun makabarta kafin waya ta kama. Ta ce in sa ido, hanya ta yanke, ba za ta iya zuwa ba sai ruwa ya ja. Na kira taron lajna, mutum biyu suka zo, ɗaya ya yi barci.

Sai kuma aka fara tuge mini gora. In zo da safe in tarar da su a bakin ruwa, an jera, an ɗaure da igiya tsaf, lambobin na kallon sama. In mayar, a sake tugewa. Sau uku. Kowace mayarwa sai na sake bin sheƙa ɗaya bayan ɗaya na tashi iyayen. A karo na huɗu na fito tun bayan sallar asuba na laɓe a gonar dawa. Gari na wayewa na hango Kawu cikin ruwa har ƙugu, tsoho mai ciwon gwiwa, da gora biyu a kafaɗa. Da ya fita na je sheƙa ta huɗu, inda na gan shi kusa. Babu ƙwai.

Ranar Juma'a ce. Ban je gidansa ba, ban gaya wa mahaifiyata ba. Na jira aka sallame, mutane na neman takalma, na miƙe na ce ina da magana a madadin lajna. Da Larabci na yi ta, don ta yi nauyi, ta yi kama da ta hukuma. Na ce ana satar ƙwan gauraka. Na ce na ga mai yi da idona. Na ce tun rani ya so ya ɗora laifin a kan makiyayi mai farar raƙuma, kuma da Larabci na faɗi wannan ma, don haka ba dattijon da ya ji ainihin kalmar da Kawu ya yi amfani da ita. Sannan na nuna shi na ce harami, wato ɓarawo.

Kawu na riƙe da takalminsa ɗaya. Ya ce da Hausa, a hankali, "Ni ban ambaci raƙumar kowa ba."

"Ga ƙarya kuma," na ce.

Ya sa takalmin, ya nemi ɗayan, ya tafi. Kowa ya san tsohuwar sana'arsa, don haka maganata ta zauna daram. Mai gari ya ce don a kashe gardama, Kawu ya nisanci maya har damina ta wuce.

Da na koma gida mahaifiyata ta riga ta ji. Tana toya kisra, wainar dawa irin ta wurinmu, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Shi ya ɗauke ka a wuya ya ƙetare kogi da kai, kana ciwon ƙyanda." Daga ranar in matata ta kai mata abinci daga tukunyarmu sai ya dawo a rufe.

Na samu abin da nake so. Gorana sun tsaya ba mai taɓawa, masu shayi sun daina ce mini mudir da dariya. Cikin kwana goma sheƙa uku suka ƙara zama wayam.

Ranar da na ga gaskiyar abin, mantuwa ce ta sa. Na gama duba sheƙa ta bakwai, ta ƙarshe mai ƙwai, na yi nisa kaɗan sai na tuna na bar alƙalamina a kan ciyawar. Na juya. A kan guntun itacen da na ɗaure da hannuna, saman lamba bakwai, hankaka na zaune. Uwar ba ta dawo ba tukuna, tana can inda na kore ta. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya diro. Na yi ihu, na ruga, laka ta riƙe ni na faɗi. Kafin in kai ya huda ɗaya, ya tashi ya koma kan gorar, ya zauna yana kallona. Baƙi ƙirin, sai ƙirji da kafaɗa fari fat, kamar wanda ya sa 'yar riga.

Na daɗe a tsaye cikin ruwan. Sai na duba sauran goran daga nesa. Uku a cikinsu da hankaka a kai. A fadamar da ba ta da itace ko ɗaya, ni na kawo musu wurin zama, na kafa shi daidai kan kowace sheƙa, kuma duk bayan kwana biyu ina zuwa in tashi uwar in ba su fili.

Na shiga wurin mahaifiyata da laka har wuya. Na ce, "Inna, mene ne taguwa?"

Ta dube ni kamar ba za ta amsa ba. "Wace? Ta hawa ko ta sawa?"

"Akwai ta sawa?"

"Riga ce 'yar gajera, irin wadda kuke ce ma arragi. Ta hawa ana jan kalmar a baki, ta sawa ba a ja. Kai da ka yi makaranta."

"Mai farar taguwa fa?"

"Hankaka mana. Masu tarko ba su kiran sunanshi, sun ce in an kira yana zuwa. Kakanka ma haka yake ce mishi." Sai ta ajiye abin da ke hannunta. "Don mi kake tambaya?"

Na ce ba komai. A nan laifina na biyu ya fara, kuma ya fi na farko muni, domin na farko da jahilci a ciki, wannan kuwa da sanina. Na koma na tuge goran da kaina, na ɓoye su bayan rumbu. Da hanya ta buɗe Ustaza ta zo, na ce mata hankaki ne suka cinye ƙwan. Ta yi baƙin ciki, ta rubuta. Ban ce mata komai game da gora ba, ban ce mata komai game da Juma'ar nan ba. A gari kuwa na bar maganar yadda take. Na ce wa kaina in an kwana biyu za a manta.

Ba a manta ba. Kaza ta ɓata a unguwarsu, wani ya ce a tambayi mai ƙwai. Kawu ya bar sahun gaba inda ya yi shekaru yana sallah, ya koma can baya kusa da ƙofa, yana fita kafin a gama addu'a. Damina ta wuce, dokar mai gari ta ƙare, amma bai koma surinsa ba. Ina ganin duk wannan. Rani guda cur ina shirya maganar da zan yi masa, ina rushewa. In na hango shi a hanya sai in shiga wani lungu. Na yi fushi da ƙungiyar da ta ba ni takarda ba ta ba ni sani ba, na yi fushi da lajna, na yi fushi da makarantar da ta koya mini Larabci ta bar ni ina jin rabin maganar kawuna. Har da Kawu na yi fushi da shi, ina cewa me ya hana shi ya ce hankaka kawai. Duk wanda zan iya jin haushinsa na ji, don kada in zauna da nawa.

Da ruwan farko na shekara ta gaba na ji kukan gauraka, biyu kawai. Ustaza ba ta sake zuwa ba, hanyoyi sun riga sun rufe, lajna ta watse ba wanda ya ce ta watse. Na tsaya a bakin maya ba takarda, ba gora, na gane ban san yadda ake gano sheƙa ba tare da an taka ta ba. Kawu daga kan suri yake ganewa, ta inda namijin ke tsayawa gadi.

Na sayi garin jabana, wato gahawa, da sukari na tafi gidansa da la'asar. Yana zaune a gado a tsakar gida yana gyaran igiyar akuya. Na gaishe shi, ya amsa. Na ajiye ƙunshin.

"Mudir ya kawo mana ziyara," ya ce wa matarsa. "A ba shi ruwa."

Na ce, "Kawu, na gano mai farar taguwa."

"Ya dawo daga arewa?"

"Hankaka ne. Na gan shi a kan gorata."

"Yaushe?"

Na so in ce kwanan nan. Na ce, "Tun bara. Kafin damina ta fita."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya ƙirga watannin a ransa, ina ganin yana ƙirgawa. "Tun bara," ya ce. "Yau kuma gauraki sun dawo, kana son a nuna maka sheƙa."

Ban musa ba. Na ce ya yafe mini.

"Ina ka kira ni ɓarawo?"

"A ƙofar masallaci."

Ya dubi tsakar gidansa, ya dubi akuyar, ya dubi matarsa da ke tsaye da kwanon ruwa. "Nan ya yi maka kama da ƙofar masallaci?" Ya tura ƙunshin da ƙafarsa zuwa gabana, a hankali, ba da wulaƙanci ba. "Ɗauki abinka. Jabana na hana ni barci."

Juma'ar da ta biyo na kasa tashi. Ta bayanta ma na zauna har mutane suka watse. Ta uku na fito da gora ɗaya daga bayan rumbu, da lambarta, na jingina ta a bangon masallaci kafin a shiga. Da liman ya sallame na riga kowa zuwa ƙofa, na tsaya riƙe da ita, yadda Kawu ba zai iya fita ba sai ta gabana. Wani ya ce, "Mudir ya dawo da tutarsa," aka yi dariya. Na jira dariyar ta kwanta. Wannan karon da Hausa na yi magana, irin wadda nake da ita.

"Jama'a, ku dakata kaɗan. Bara a nan wurin na ce Kawuna ɓarawo ne, na ce maƙaryaci ne. Ƙarya na yi masa. Bai taɓa ƙwai ko ɗaya ba. Wannan gorar ni na kafa ta, hankaka ya hau ta ya cinye ƙwan. Kawu ya gargaɗe ni tun rani, ban fahimci Hausarsa ba, girman kai ya hana ni tambaya. Da ya ga ban ji ba ya shiga ruwa da ciwon gwiwarsa yana gyara ɓarnata, ni kuma na saka masa da abin da kuka ji. Na gane gaskiya tun kafin damina ta fita, na yi shiru shekara guda, ina ji ana zaginsa. Wanda ya ji waccan maganar daga bakina, ya kai wannan inda ya kai waccan. Kawu, ban zo don ka nuna mini sheƙa ba, ko ba ka ƙara yi mini magana ba ka yi daidai. Na zalunce ka. Don Allah ka yafe mini."